Ruwa-biyun da na zuba a dam ɗin Kwarin Baushe

Akwai aiki ɗaya a sana'ata da a ce ana komawa baya, da na koma na fasa shi. Na taɓa ɗaukar ɗiyan kifin da bai kamata ya bar tanki ba na zuba a dam ɗin jama'a, kuma ina sane da irin kifin da na ɗauka. Ba wanda ya tilasta mani. An ma yi mani magana a bakin ruwan, na yi dariya. Da wannan nake so in fara, saboda samarin da ke zuwa gidana a Ƙofar Kwaya suna cewa in koya masu ƙyanƙyasar kifi, yawancinsu a waya suka ga abin, sun ɗauka daga sayen tankin tampol sai hutawa. Sunana Iro. Karatuna bai wuce allo da firamare ba, don haka abin da zan faɗa hannu ne ya koya mani, da kuma mutumin da na yi wa aiki.

Mutumin nan shi ne Oga Bitrus, ɗan kudancin Kaduna, ma'aikacin gwamnati a ɓangaren kifi, wanda ke zaune a Kambarawa da iyalinsa. Ina lebura a wurin magina lokacin da ya sa a gina mashi tankunan siminti a bayan gida. Da aka gama kowa ya watse, ni kuma na tsaya ina tambayar abin da za a zuba ciki. Ya ce kifi ne zai haihu a nan. Na ce, "Oga, kifi ai a gulbi yake haihuwa."

Ya ce, "To ka dawo gobe ka ga gulbin Kambarawa."

Na dawo, kuma ban sake ɗaukar kwanon kankare ba.

Wankin tanki shi ne aikin farko da ya ba ni, kuma na daɗe a kansa har na fara zargin ya manta da ni. Ba a sa sabulu. Gishiri ne da soso, sai ɗauraya, sai a bar rana ta gasa simintin. Kowane tanki da robarsa da tiyonsa da ragarsa, ba a ara wa wani. Kullum da safe kafin in taɓa komai sai ya ce in miƙo hannu, ya shinshina. In ya ji turare ko man janareta sai ya nuna mani bakin famfo. Wata ranar Juma'a na shafa turare na zo, ya kore ni gida gaba ɗaya, ya ce in je in yi wa liman ƙamshi, kifinsa ba ya so. Na ji haushi a lokacin. Daga baya na ga tanki guda ya mutu a gidan wani saboda bokitin da aka taɓa jiƙa wanki a ciki.

Zaɓen uwa shi ne abin da hannuna ya fi daɗewa bai gane ba. Za ka kama tarwada mace, ka rufe mata kai da jiƙaƙƙen tsumma don ta natsu, ka juya ta ka shafa cikin. Wadda ta nuna, cikinta da taushi kamar gwanda, in ka ɗan matsa sai ƙwai kaɗan su leƙo, launinsu tsakanin kore da ruwan ƙasa. Wadda ba ta nuna ba, ko cikinta ya kai tulu, allurarka kawai za ka ɓata. In ka samu wadda ta yi, ka yi mata allura a tsokar baya, ka murza wurin da yatsa, ka ajiye ta ita kaɗai a baho, ka danne murfin da dutse don tana iya tsalle ta fito. Daga nan sai jira, kuma zafin ruwa ne ke faɗin tsawon jiran. In ka yi gaggawa ƙwan ba ya fita, in ka makara ta zubar da shi a baho.

Namiji kuwa ba ya tatsuwa. Sai an feɗe shi an ciro jakar ruwansa, wasu farare guda biyu a jikin ƙashin baya. A tatse ƙwan uwar a busasshiyar roba, a matse ruwan namijin a kai, a juya da gashin kaza a hankali, a ƙara ruwan gishiri kaɗan, sannan a baza a kan raga a cikin tanki, ba a bari ƙwai ya hau kan ƙwai. Naman namijin ba ya asara. Maman Rifkatu, matar Oga, ita ke yin farfesu da shi, in lokacin azumi ne ta zuba a kula ta ce in kai wa iyalina a sha ruwa da shi. Kashegari in Allah ya yarda za ka ga ƙasan tankin yana motsi kamar an watsa gashi. Ƙwan da ya yi fari ya mutu, dole ka tsotse shi da siririn tiyo kafin ya ruɓe ya kashe masu rai. Wannan aiki a durƙushe ake yin sa, shi ya sa gwiwoyina suka riga ni tsufa.

Tace kifi shi ne inda sababbin shiga ke faɗuwa. Za ka ga ɗiyanka suna raguwa, ba gawa ko ɗaya a tanki, ka ce ko ɓarawo ke shigowa. Ɓarawon yana ciki. A kowace ƙyanƙyasa akwai waɗansu da ke fin 'yan'uwansu girma da sauri, muna ce masu shuta, kuma girman nan da naman 'yan'uwansu suke yin sa. Sai ka riƙa kwashe su kana ware su, in ba haka ba tanki guda zai koma 'yan ƙatti kaɗan masu ƙoshi.

A wurin Oga kuma na koyi haɗa ruwa-biyu. Ana ɗaukar ƙwan tarwada a zuba mashi ruwan namijin ramboshi, wato babban ɗan'uwanta na gulbi. Abin da zai fito yana da juriyar uwa da girman uba, ga ci ba ƙoshi. Masu gashin kifi da ma'aikatan da ke kiwo a bayan gida suna rububinsa, don kafin tarwada ta kai hannu shi ya kai damtse. Aibinsa biyu ne. Ba ya barin baya, ko ya yi ƙwai ba kasafai yake ƙyanƙyashewa ba. Kuma duk abin da ya shiga bakinsa abinci ne. Oga ya faɗa mani ba sau ɗaya ba cewa wannan kifin na tanki ne mai katanga, kada a kai shi ruwan da ke da hanya ko ruwan da wani kifi ke zaune a ciki. Na ji, na kuma riƙe.

Bayan wasu shekaru ya sallame ni da albarka, ya ba ni iyayen kifi da tsohon injin ruwa, na gina nawa tankunan a Ƙofar Kwaya. Abin ya karɓe ni, har shekarar da abincin kifi ya yi tsadar da ba a taɓa gani ba. Masu kiwo suka riƙa zubar da ruwa suna kife tankuna. Waɗanda suka yi mani alkawarin ɗaukar ɗiya ba wanda ya zo. Ni kuma na riga na ƙyanƙyashe ruwa-biyu cike da tankuna, suna girma, suna cin juna, ga rijiyar burtsatsena ta ja baya saboda bazara. Kullum in na buɗe ƙofa warin ruwa ke tarbata.

Ana cikin haka Alhaji Lawal na Ƙofar Durbi, mai sayar da atamfa, ya aiko a kira ni. Bayan mun gaisa, an tambayi gida da iyali da kasuwa, ya ce mahaifiyarsa da ta rasu 'yar Kwarin Baushe ce, wani ƙauye da ke da ƙaramin dam. Kifin dam ɗin ya ragu, masunta suna kuka. Yana so ya yi mata sadakar da za ta daɗe ana ci.

"Malam Iro, wane iri kake ganin ya dace?"

Na ce, "Alhaji, ina da wani iri a ƙasa, wanda in an zuba shi yanzu, kafin kaka za a riƙa kama shi da hannu biyu."

"To ai shi muke so."

Daga gidansa zuwa Kambarawa ba nisa. Ban je ba.

Jigilar ranar na yi ta yadda aka koya mani, ba abin da na rage. Na hana kifin abinci tun jiya don kada ya ɓata ruwa a hanya. Na zuba su a jarkokin da aka yanke wa kai, ruwa rabi, na ɗiga manja don kada kumfa ta taso. Muka tashi da sanyin safiya a a-kori-kurar Alhaji. A bakin dam muka tarar da gari ya fito, a gaba akwai Sarkin Ruwa Mamman, dogon dattijo mai kaushin hannu, wanda masuntan wurin ke bin maganarsa. Ya sa hannu a jarka ya ɗago ɗaya ya juya shi a tafinsa.

"Malam, wanga kifi kan tarwada gare shi, amma bayan na ramboshi ne. Ɗan wa ne?"

"Na zamani ne, Sarki."

"Shina haihuwa?"

Na ce, "Ranka shi daɗe, kifi ne fa." Jama'a suka yi dariya, ni ma na yi.

Shi bai yi ba. Ya ce, "Da ni za a bi, da ka ɗauki karfasarmu da tarwadarmu ka tafi da su birni ka haifo mamu ɗiyansu. Su suka san ruwan ga."

Na ce wannan sai a shekara ana jira, ga Alhaji ya riga ya yi niyya. Ya dubi Alhaji, ya dubi mutane, ya mayar da kifin jarka. Na shiga ruwa har gwiwa na jiƙa jarkokin, ina ƙara masu ruwan dam kaɗan-kaɗan har zafin ya zo ɗaya, sannan na karkata bakin suka fita da kansu. Da na yi sakaci ranar, da rabinsu sun mutu, da ɓarnar ta zo da sauƙi. Kusan duka suka rayu.

Shekarar farko ba a taɓa ganin irinta ba a Kwarin Baushe. Ana jefa ƙugiya a jawo kifi kamar cinyar mutum. Akwai wata mata, Talatu, shugabar masu suya da banda a bakin dam, ita ta sa mani suna Ungozoma, sunan ya bi ni har birni. Alhaji ya aiko mani da shadda. Ƙauyuka biyu suka aiko su ma a zuba masu, Allah ya taimake su ba ni da saura.

Daga nan na daina jin labarin wurin, ban kuma nema ba. Sai wata rana, bayan damina ta zagayo ta sake zagayowa, na shiga kasuwa na ga Talatu a layin masu kifin ƙanƙara, tana cinikin kwali. Matar da ke kwana tana jin ƙarar ruwa, ta shigo mota ta zo birni sayen kifin da aka kawo daga teku.

Na ce, "Talatu, lafiya?"

"Lafiya lau, Ungozoma. Ɗiyanka sun gaishe ka. Sun cinye gari, yanzu sun koma cin junansu."

Ta ce duk wanda aka feɗe, cikinsa cike da ɗiyan karfasa, har ɗan agwagwa an taɓa samu. Ƙattin suna ƙarewa, ba ƙanana a bayansu. Mai birgi zai yi ta jefa ragarsa tun safe har rana ta take, ya jawo ciyawa. 'Ya'yan Sarkin Ruwa biyu sun tafi kamun kifi ƙasar Yawuri.

"Ka haifo mamu alfadarai, Malam," in ji ta, ta ɗora kwalinta a kai.

Ranar da yamma na je Kambarawa. Oga Bitrus ya yi ritaya, yana zaune ƙarƙashin dalbejiya yana gyaran raga. Muka gaisa har ƙasa, Maman Rifkatu ta kawo ruwa, sannan na faɗa mashi komai. Ya saurara bai katse ni ba.

"Ka tambaye ni kafin ka kai?"

"A'a, Oga."

"Don me?"

"Don na san abin da za ka ce."

Ya ajiye ragar. Sai ya ce, "To ai karatun ya zauna, aiki da shi ne ba ka yi ba. Jawo kujera." Ya ce dam ba ya mutuwa muddin ruwa na shiga, amma gyara ya fi zubawa wuya. Sai an kwashe ƙattin da suka rage. Sai an nemo iyaye daga rafin da ke ciyar da dam ɗin, da yawa, daga wurare daban-daban, kada a cika ruwa da 'ya'yan uwa ɗaya. Karfasa za a fara sawa, don ita ce ke cin ganye da gansakuka, ita ce kuma sauran ke rayuwa a kanta. Tarwada sai daga baya, kaɗan. Ya kuma ce in tuna tun kafin in je kifin yana raguwa, ke nan akwai wata cutar da ba tawa ba, in ba a same ta ba aikin banza za mu yi.

Zuwa wurin Alhaji Lawal ya fi mani nauyi. Da na gama bayani ya cire tabarau ya ajiye.

"Malam Iro, sadakar uwata ce fa. Mutanen nan da sunanta suke cin kifin, yanzu da sunanta suke jin yunwa."

Ya tashi ya shiga cikin shago, na ɗauka magana ta ƙare. Ya fito ya ce motar tana nan duk ranar da nake so, kuma zai aika da hatsi ƙauyen in ta kai ga an rufe dam an hana kamun kifi. "Amma wannan karon dattijon nan Sarkin Ruwa za ka bi, ba bakinka ba."

Sarkin Ruwa na same shi a gindin marke, kwalekwalensa a kife kusa da shi, katakon ya fara tsagewa. Ya ce akwai mai saye da zai zo daga wani gari. In ya sayar zai bi 'ya'yansa, kuma in ya tafi sauran gidajen masunta ba mai zama. Na ce a tara mani mutane. A gabansu na faɗi cewa ranar da Sarki ya tambaye ni ko kifin yana haihuwa, na san ba ya yi. Aka yi ta surutu, wani ya ce a jefa ni ciki su ma su ɗanɗana ni. Sarki ya ɗaga hannu.

"Mi ka zo da shi yanzu, ban da baki?"

Na faɗa mashi shirin Oga Bitrus. Ya ce, "Wannan ai maganata ce ta rannan, ta je birni ta sa wando ta dawo." Sannan ya dafa kwalekwalen. "Damina biyu na ba ka. In ta biyu ta wuce ban ga karfasa ta yi gida a ruwan ga ba, mai saye ya zo ya ɗauka."

Kwashe ƙattin muka fara, a tsakiyar bazara, lokacin da ruwa ya janye ya taru wuri ɗaya. Aka ja taru, wato doguwar raga, daga gaɓa zuwa gaɓa, maza a ruwa har wuya, wasu a kan gora. Inda taru ba ya shiga saboda kututture, aka shimfiɗa mari-mari, igiya mai ƙugiyoyi, da hanjin kaza a jiki. Mun yi ta maimaitawa har aka koma jan taru ba komai. Talatu da matanta suka yi bandarsu duka, hayaƙi ya yi kwanaki bai mutu ba, kuma wannan bandar ta riƙe gidaje zuwa wani lokaci. Ba zan ce mun kwashe su kaf ba. Har yau wani lokaci akan kama tsoho guda, a aiko mani da gaisuwa.

Neman iyaye Sarki ne ya ja gaba. Ya san kowane gurbi da ke riƙe ruwa a rafin nan har ƙarshen rani, da wani tsohon tafki a ƙauyen gaba inda ya nemi izinin takwaransa. Mun riƙa tafiya da jarkoki a kan babur, muna ɗebo kaɗan nan kaɗan can. Ba mu kai su birni ba. Oga ya ce a rene su a ruwan da za su zauna. Telan ƙauyen ya ɗinka mamu raga mai ƙananan ido kamar ɗaki marar rufi, muka kafa da sanduna a gefen dam. Karfasa ba ta son allura, ba a kuma yanka mijinta. Ita ke ɗaukar ƙwanta a baki har ya ƙyanƙyashe. Aikinmu shi ne mu duba iyayen, wadda muka ga maƙoshinta ya kumbura mu buɗe bakin a cikin roba ɗiyan su zubo, mu kai su wata ragar mu ciyar da su da garin dusa mai laushi har su kai yatsa. Zubin farko guza ya yaga raga ya shiga, abin da bai ci ba tsuntsaye suka ƙarasa. Muka ninka ragar, muka rufe sama, muka sake.

Oga Bitrus da kansa ya riƙa zuwa, da takalmin roba har gwiwa da hular malafa. Shi da Sarki suka zama abokan tsiya. Sarki ya ce mashi Malam Bitrus mai kifin takarda, shi kuma ya ce bai taɓa ganin sarkin da talakawansa duka suka gudu suka bar shi da kwaɗi ba. In an kira salla mu tafi, shi ya tsaya yana korar tsuntsaye. Ran Lahadi ba ya zuwa, Sarki ya ce ranar ce kifi ke hutawa da lacca.

Oga ne ya gano ɗaya cutar. Ya ga gidan sauro a shanye a kan dangar wani gida, da ɓawon kifi a jiki. Ashe tun da daɗewa ana jan sa a gefen ruwa ana kwashe ɗiyan kifi, mata su soya da yaji a sayar a ƙulle. Sarki ya san da haka, ya kau da kai saboda masu yi danginsa ne. Wannan karon shi ya sunkuyar da kai. Ya hana, ya kuma rufe dam ga kowa, amma hani a bakin mai yunwa ba ya nisa. Ba a daɗe ba aka fara jan ragar a ɓoye.

Talatu ce ta kashe maganar. Ta tara mata ta ce duk kifin da bai kai tafin hannu ba, ba mai sa shi a kasko. Na ce mata, "To me za ku soya?"

"Awara. Waken suya bai ƙare ba a duniya."

Wanda ya fara gwada ta ƙanen mijinta ne. Ya kawo mata roba cike da ɗiya, wasu ma suna motsi. Ta karɓa, ta taka har bakin ruwa ta juye, ta dawo ta miƙa mashi robar da awara biyu a ciki.

"Ci, ka gaya wa yayanka ni na zubar."

Da masu ja suka ga ba mai saye, ragar ta koma kan gado inda aka yi ta dominsa.

Damina ta farko muka saki ɗiyan karfasa, ba rana ɗaya ba, kuma ba wuri ɗaya ba, sai inda ciyawa take don su samu maɓoya. Bayan ruwa ya ɗauke na ƙyanƙyashe tarwadar rafin a gidana, ta asali, iyaye daban-daban, na kawo kaɗan. Daga nan ba abin da ya rage sai ido. Ruwan dam ba tanki ba ne da za ka leƙa ka ƙirga. Watanni suka wuce ba wanda zai ce ga halin da ake ciki. Mai sayen kwalekwale ya zo sau ɗaya ya duba katako ya koma. Hatsin Alhaji ya ƙare kafin lokaci, gida ɗaya ya kwashe ya tafi.

Damina ta biyu ta yi nisa, gero ya fara fitar da kai, sai Sarki ya aiko in zo da safe, in taho da Malam Bitrus. Muka gaisa. Ya ja mu gefen da ruwa bai kai gwiwa ba, ya ce mu tsaya kada mu motsa. Da laka ta kwanta sai muka ga ƙasan: ramuka zagayayyu kamar an danna faranti, ɗaya kusa da ɗaya har inda ido ya kai, kowanne da namijin karfasa a tsaye yana gadi. Sarki ya warware birgi ya jefa can gefe, ya jawo, ya zaɓi ɗaya da ba ta wuce tafin hannu ba. Ya buɗe bakinta a cikin ƙwarya, ɗiya suka zubo baƙi ƙirin suna yawo.

"Ungozoma, wagga taka ce?"

Na duba ta. Waɗanda muka saki bara sun fi haka girma nesa ba kusa ba. Na ce, "A'a, Sarki. Wannan nan aka haife ta."

"To ka gani. Ba allura, ba gashin kaza."

Ya nutsa ƙwaryar a ruwa ya sake ta da ɗiyanta. Oga Bitrus ya ce a bar su wata biyu kafin a buɗe, Sarki ya ce uku, suka tsaya gardama a cikin ruwa. Da muka fito, Sarki ya ce in na koma birni in sayo mashi kwalta da ƙusa, katakon nan yana son toshi kafin yaran su dawo.

Yau ana su a Kwarin Baushe, da raga mai faɗin ido, ana kuma rufewa in damina ta sauka. Kifin bai kai na shekarar ƙattin girma ba, amma kullum akwai. Ɗaya daga cikin 'ya'yan Sarki ya dawo, ɗayan ya yi aure can ya zauna. Gidan da ya tashi bai dawo ba, kuma wannan yana wuyana.

Ina ƙyanƙyasar ruwa-biyu har gobe, ina sayar wa masu tanki, ba abin da ya yi masu. Dam-dam da tafkunan ƙasar nan da yawa suna bukatar a mayar masu da kifi, kuma ku samari ku za ku yi, don kuna da sola da waya da ƙarfin gwiwa. Za ku iya. Roƙona ɗaya ne. Ranar da tankinku ya cika, mai saye bai zo ba, sai ga wani da mota yana cewa a zuba a ruwan jama'a, kada ku ɗauki abin da ke hannunku don kawai shi ke hannunku. Ku je bakin ruwan tukuna, ku nemi dattijon wurin. In ya ɗago kifinku ya tambaye ku ko yana haihuwa, ku ba shi amsa.